Karan da Ke Kan Má

Yaya Khải ya dawo daga birnin Saigon da digirin zane da ra'ayi a kan komai, har da allon shagon taliyar mahaifiyarmu. Tsohon allon ja ne, an rubuta Má Hai da manyan haruffa, wato Mama Hai, sunan da duk unguwa ke kiranta da shi. Ya ce allon ihu yake yi wa mutane.

Ya nuna mana zaɓinsa a kwamfuta: rubutu siriri mai kama da na hannu, haruffan na riƙe da juna, wutsiyoyinsu na reto. Irin na katin biki da kwalbar turare.

"Kalli yadda yake numfashi," in ji shi.

Ni dai gani na yi kamar sauro ne ya faɗa cikin tawada ya ja ƙafa. 

Wanda ya ƙirƙiri haruffan, a ƙasarsu ba a ɗora wa wasali alama, saboda haka bai tanadi ɗan karan da ke kan á ba. Yaya ya ce haka ma ya fi tsabta, kowa zai gane, ya kafa sabon allon da Ma Hai a jiki. Sai dai a yarenmu má da kara uwa ce, ma babu kara fatalwa ce. Kuma a watan bakwai muke, lokacin da ake ajiye wa matattu abinci a bakin hanya.

Kawu Tư mai gyaran babur ne ya fara leƙowa.

"Hai, yaushe kika rasu ba a faɗa mana ba? Ai da mun zo gaisuwa!"

Goggo Chín, wadda kullum ita ke shan kwanon farko, ta ɗaga kai, ta tofar da yawu, ta wuce shagon gaba. Ƙawayenta suka bi ta. Romo ya riƙa kaiwa azahar a tukunya.

"Khải," Mama ta ce, "mayar mini da karana."

Ya hau tsani da buroshi. Amma miƙaƙƙen kara bai dace da salonsa ba, sai ya lanƙwasa shi ya yi masa 'yar wutsiya. Ya sauko yana sha'awar aikinsa. Má da lanƙwasa ta zama mả: kabari.

Kawu Tư ya riƙe ciki. "To madalla! Jiya tana yawo, yau an samo mata makwanci."

Mama ba ta yi dariya ba. Ta aike ni bayan gida, inda aka rufe akurkin kaji da tsohon allon. Ko gogewa ba ta bari na yi ba, haka aka kafa shi da kashin kajinsa.

Washegari Goggo Chín ta shigo, ta ja kujerarta.

"An ce kin dawo. Ya hanya?"

"Wannan allon ba ya numfashi," Yaya ya ce daga lungu.

"Ni ina yi," in ji Mama, ta miƙa masa kwanukan wanki.