Alawar Pikan ta Gidan Jarreau

Shekara talatin da takwas Alcide Jarreau ya yi yana dafa ruwan rake a masana'antar sukari da ke bayan garin New Roads, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba. Ko a wurin aski kuka haɗu, kafin a zo kanka ka riga ka san tukunyar da yake kula da ita ta fi ɗakin kwanansa girma, kuma da ido kawai yake gane sukari ya nuna. Wannan kam abokan aikinsa sun shaida masa. Abin da ba wanda ya shaida shi ne zancen da yake yi cewa alawar pikan ɗin matarsa Azelie, wadda ake rububinta a unguwa, rabinta nasa ne.

"Hannu dai nata ne," in ji shi, "amma ilimin nawa ne."

Duk shekara in bishiyoyin pikan uku na bayan gida, masu ƙwaya kamar gyaɗa a cikin ɓawo mai tauri, suka fara zubar da 'ya'ya, Azelie za ta ɗora baƙar tukunyarta ta ƙarfe, shi kuma ya kafe a bakin ƙofar kicin yana ba da umarni. A ƙara wuta. A daina yawan juyawa, sukari ba ya son a dame shi. A sa ma'aunin zafin da ya sayo mata, a bar dafa abu da ka. Ita kuwa sai ta ce, "To, Alcide." Can kuma ta tuna madarar gwangwani ba za ta isa ba, ta aike shi kantin Fabre da ke ƙarshen gari. In ya dawo ya tarar da alawa jere a tebur tana shan iska, sai ya ɗauki ɗaya ya gutsura, ya gyaɗa kai.

"Kin gani? In aka bi ƙa'ida."

Azelie ta rasu a watan Afrilu, bayan shekara arba'in da ɗaya da aurensu.

Da Oktoba ta yi nisa, 'yarsu Corinne ta bugo waya daga Houston ta ce za ta zo Ranar Tsarkaka, ranar da Kiristocin garin ke ziyartar kaburbura, su je su wanke kabarin uwarta su shafe shi da farar ƙasa. A irin wannan rana kowace shekara Azelie takan je maƙabarta da babban gwangwanin alawa, ta bi masu shara da masu fenti tana rabawa.

"Bana dai ba alawa ke nan, Baba," in ji Corinne. "Ko in roƙi Inna Noemie ta yi mana?"

Noemie ƙanwar Azelie ce, gidanta na tsallaken hanya daura da nasu, mijinta ya daɗe da rasuwa. Tun tana 'yar shekara goma sha biyar take tsokanar Alcide, ba ta kuma taɓa kiransa da wani suna ba sai Injiniya.

"Noemie?" Alcide ya yi tsaki. "Wadda alawarta kamar ka tauna yashi? Bar shi. Ni zan yi."

Ya kwana biyu yana tsintar pikan yana fasawa, yana ware masu kyau. Ya binciko ma'aunin zafin a can ƙasan aljihun tebur, cikin kwalinsa, bakin kwalin a manne kamar ranar da aka sayo shi. Ya jinjina kai. Azelie ke nan, mace mai adana kaya, har manne baki take yi in ta gama.

Ranar da ya sa zai dafa aka tashi da ruwa. Yana auna sukari sai ga Noemie ta leƙo ta ƙofar baya da lema a hannu.

"Injiniya, da wannan ruwan za ka ɗora?"

"A masana'anta ana ruwa ana rana dafawa muke yi."

"Ai ba ta kamawa in iska ta jiƙe."

"Camfin mata. Je ki sha shayinki."

"To," in ji Noemie, ta juya. Da ya lura, da ya ji irin "to" ɗin yayarta ce sak.

Ya zuba farin sukari da ja, ya kwara madara, ya jefa man shanu, ya buɗe wuta sosai, sannan ya ja da baya ya harɗe hannu, tunda sukari ba ya son a dame shi. Tukunya ta yi shiru na ɗan lokaci. Sai ta taso gaba ɗaya, ta haye baki, ta malale kan murhu tana ƙauri. Abin da ya rage a gindi baƙi ƙirin. Ya ce madarar ce tsohuwa.

Karo na biyu ya rage wuta, ya kafa wa ma'auni ido, yana kaiwa lambar da yake so ya sauke, ya zuba pikan, ya kwashe nan take a kan takarda mai maiƙo. Suka yi kyau abinsu, suna sheƙi kamar an goge. Ya jira su kama. Ya ci abincin rana ya dawo, ya taɓa ɗaya, ta biyo yatsansa. Washegari da safe suna nan yadda ya bar su, sai dai sun haɗe da juna sun zama tafki guda.

Karo na uku ya ce zai nuna wa sukari wanda ya girme shi. Ya bar shi a wuta har ya wuce lamba, ya sauke, ya juya zai ɗauko takarda. Kafin ya waiwayo abin ya daskare a cikin tukunya, cokalin katako a tsaye a tsakiya kamar an dasa shi. Ya ja, tukunyar ta biyo cokali.

A ƙarƙashin bishiyar pikan Noemie ta same shi, ya kifa tukunyar yayarta a kan kututture, guduma a hannu ɗaya, kurfi a ɗaya.

"Ajiye gudumar nan, Injiniya. Tukunyar uwarmu ce."

"Sukarin yanzu ne ba shi da kyau."

"Ba kai ka yi shi ba? Ajiye, na ce. Ruwa za ka zuba ka mayar wuta, da kanta za ta saki."

Ya ajiye. Ya zauna a kan benci yana goge zufa, ya ce shi dai abin ya ɗaure masa kai. Duk abin da yake gaya wa Azelie shi ya yi, bai ƙara ba, bai rage ba.

Noemie ta dube shi. Sannan ta zauna a ɗaya gefen bencin, ta gyara zaman tabarau.

"Ai shi ya sa."

"Kamar yaya?"

"Ko sau ɗaya ba ta taɓa yin abin da ka ce ba. Ma'aunin nan naka ba ta ma taɓa buɗe kwalinsa ba. Kofin ruwan sanyi take ajiyewa, ta ɗiga kaɗan ta murza da yatsa. Kuma juyawa take yi tun daga ɗorawa har saukewa. Kai kana zaton madara ce ke ƙarewa duk shekara? Gwangwani shida take ɓoyewa a bayan garin masara. Ta san in ka je kantin Fabre sai ka yi awa guda kana koya masa yadda ake jera kaya."

Alcide ya waiwayo ya dube ta.

"Tunda an fara, bari a gama," in ji Noemie. "Tun shekara shida da suka wuce, da sanyin ƙashi ya kama hannayenta, ba ta iya bugawa. Motarka na shan kwana nake tsallakowa. Ita ke tsayawa a kai, ni ke bugu da kwasa."

"Ƙarya kike yi. Ai na san taki. Taki yashi ce."

"Ka tuna Kirsimetin da ka faɗi haka a gaban Fada, limamin coci? Ka ɗaga tawa ka ce yashi, ka ɗaga tata ka ce ga alawa? Tukunya ɗaya ce, Injiniya. Ni na kwashe da hannuna, rabi a farantinta, rabi a nawa. Azelie sai da ta shige ɗaki ta toshe baki da tawul don dariya."

Bai yi dariya ba. Yana kallon ɓawon pikan da ke warwatse a ƙasa. Abin da ya fi cinsa ba alawar ba ce. Shekara arba'in da ɗaya mace na ce maka "to", kana tafiya kanti kana yin fito da baki. Ya ji haushinta ya taso masa, irin haushin da kan sa mutum ya shiga kicin ya yi faɗa, sai ya tuna kicin ɗin ba kowa.

"Me ya hana ta gaya mini?"

"Na ce mata ta gaya maka, ya fi sau goma. Ta ce duk shekara rana ɗaya kake shiga kicin, kuma kana jin daɗinka, don me za ta kore ka da baki tunda ana iya korarka da madara."

Ya ciro hankici ya fyace hanci da ƙarfi, ya ce ƙurar ɓawo ce.

Ana jibi Ranar Tsarkaka gari ya washe, iskar arewa ta busar da komai. Noemie ta zo da kofin ruwan sanyi da cokalinta, ta ce ba za ta taɓa tukunya ba, tunda shi ya yi wa 'yarsa alkawari. Ya sa wuta kaɗan-kaɗan, ya yi ta juyawa har kafaɗarsa ta fara kuka. Ya ɗiga a ruwa, abin ya baje. Ya sake, ya baje. A na huɗu ya dunƙule a tsakanin yatsunsa, da laushi kamar ƙullin fulawa.

"Sauke. Zuba pikan. Yanzu buga."

"Har yaushe?"

"Har ta daina yi maka ƙyalli."

Ya yi ta bugu. Yana cikin cewa ai a ƙa'ida kamata ya yi a ce, sai sheƙin ya dushe a gaban idonsa, cokali ya yi nauyi.

"Kwashe! Kwashe, bar surutu!"

Ya yi ta kwasa yana zubawa. Wasu suka fito kamar tafin hannu, wasu kamar kunnen alade, uku na ƙarshe suka kama a bakin cokali. Amma kafin ya wanke tukunya sun daskare, suna ɓantaruwa daga takarda ba gardama. Ya sa ɗaya a baki ta narke. Suka ƙara tukunya biyu kafin azahar.

Ranar Tsarkaka maƙabarta ta cika da bokitai da tsintsiya da furanni. Shi da Corinne suka wanke kabarin Azelie suka shafe shi fari tas. Sannan ya ɗauki gwangwani ya bi layi yana miƙawa, yana kawar da kai.

Madam Olinde, shugabar matan coci, ta gutsura ta tsaya cak.

"Wa ya yi wannan?"

"Baba ne," in ji Corinne.

"Kai, jama'a, ku zo ku ji! Alcide, ka yafe mana. Shekara da shekaru muna cewa cika baki kake yi, ashe kai ne a bayan marigayiya! Ga shi ba ta nan, alawa ba ta canza ba ko kaɗan."

Mutane suka taru suna taunawa suna tabbatarwa. Wani tsohon abokin aikinsa ya dafa kafaɗarsa ya ce shi dama bai taɓa shakka ba. Alcide ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ya waiwaya yana neman Noemie, ya hango ta a kabarin mijinta tana gyara furanni, kafaɗunta na girgiza.

"Gaskiyar magana," ya fara, "Noemie ce ta..."

"Ji tawali'u kuma!" in ji Madam Olinde. "Yaushe ka koyi wannan? To ka ji, kasuwar coci ta Kirsimeti, teburin alawa naka ne. Guda ɗari uku muke so. Na rubuta sunanka."

A hanyar gida ya matsa kusa da Noemie ya rage murya.

"Kin ji abin da matar nan ta ɗora mini. Sai ki shirya."

"Ni? Ai Lafayette zan tafi wurin ɗana, matarsa ta kusa haihuwa. Sai bayan sabuwar shekara."

"Noemie, kar ki yi mini haka."

"Kai da gari duk ya shaida? Haba, Injiniya."

Ta kuwa tafi. A makon farko na Disamba ya ɗora tukunya goma sha ɗaya, biyu suka ƙone, uku suka ƙi kamawa ya ɗura su a kwalba ya ce wa maƙwabta na shafa wa burodi ne, da gangan ya yi su haka. Sauran kuwa da waya aka dafa su. Ya sayo doguwar igiya ya ja wayar tun daga falo har gaban murhu, ya maƙale ta a kafaɗa, hannu ɗaya na riƙe da tukunya, ɗaya na bugu, jariri na tsala kuka a can Lafayette.

"Kamar ta fara dushewa. Ko ba ta fara ba? In kwashe?"

"Ni ta waya nake gani? Me idonka ya ce?"

"Ya ce ta dushe."

"To kwashe mana, bawan Allah!"

Ya saki waya ta faɗi ƙasa, ya kama cokali.