Makin da Baffa Daudu Ya Ba Ni

Shekara biyu na yi ina neman aiki da takardar kwamfuta a hannu, kuma tsakanin Kazaure da Dutse da wuya a sami ofishin da ban durƙusa na gaida mai shi ba. Ko'ina tambayar ɗaya ce: "Kin iya buga takarda?" In na ce na iya, amma ni abin da na karanta rubuta manhaja ne, sai a yi murmushi a ce ai duk kwamfuta ce, in bar lambata za a neme ni. Har yau ana nan ana nemana.

Ban zauna haka kawai ba. Baffa Daudu, yayan mahaifina, shi ne shugaban ƙungiyar manoma ta yankinmu a Gwiwa. Shi ya riƙe ni tun aka yaye ni, lokacin shi da matarsa Inna Dela ba su sami haihuwa ba, saboda haka a gidan ni ce 'yar fari. Mu kuwa jinin Fulani ne, ko da yake Fillancin ya tsaya a bakin kakanni. Abin da bai tsaya ba shi ne kara. Baffa ba ya kallon inda nake a gaban mutane, ba ya kama sunana, balle ya ce na yi abin kirki. Ranar da na zo da sakamakon makaranta, ni ce ta ɗaya a ajinmu, ya duba takardar ya ce, "To, Allah ya sa dai ba kuskure suka yi ba."

Kowace shekara in damina ta matso akan yi rabon taki da iri a ƙungiyar, kuma kowace shekara sai an kai ruwa rana, don sunayen manoman suna cikin littattafai uku da ba su taɓa yarda da juna ba. Sai na zauna na rubuta wata 'yar manhaja. Kowane manomi da sunansa da ƙauyensa da lambar wayarsa, in ranarsa ta zo saƙo ya shiga masa ya hau babur ya zo ya karɓa. A shekarar farko manhajar ta zaƙulo mutum ɗari da sha ɗaya waɗanda ko dai sun rasu ko ba a taɓa haifarsu ba, amma suna karɓar taki a kan kari. Sakataren ƙungiyar, Malam Maikasuwa, shi ne dama yake ɗaukar wahalar karɓar musu. Tun daga nan in na gaishe shi sai ya amsa wa bango.

Wata rana aka yi taron mata masu aikin fasahar zamani a Kazaure, na hau mota na je. Wata mata da ta zo daga Abuja ta tsaya a gabanmu tana buga tebur. "Ku daina kunya! Abin da kika yi, ki buɗe baki ki ce ke kika yi. Babu mai yabonki in ke ba ki fara ba." Muka yi ta tafi, kowace ta rufe rabin fuska da mayafi. Ni dai na ji maganar. Na dawo gida na sake rubuta takardar tarihin aikina, na sa manhajar takin a sama, na aika wa wani kamfani a Kano mai yi wa manoma manhajar waya.

Suka kira ni. Jarrabawa uku na yi musu, biyu ta intanet a wani shago a Kazaure, ɗaya a ofishinsu. Daga mutum arba'in aka dawo mu biyu, ni da wani saurayi daga Zariya. Saura abu guda: za su kira wanda na yi aiki a ƙarƙashinsa su ji ta bakinsa. Na rubuta "Shugaban ƙungiya", na sa lambar Baffa. Na yi niyyar in sanar da shi, amma ku gaya mini, da wane baki zan tsaya gaban Baffa in ce za a kira ka, ka yabe ni? Sai na bar wa Allah.

Ranar Talata da hantsi wayata ta yi ƙara. Saude ce, mai kula da ɗaukar ma'aikata a kamfanin, Bakanuwa mai saurin magana.

"Shahida, tsakaninki da Allah, wannan shugaban naki mene ne ɗinki?"

Na ce, "Baffana ne."

"Na faɗa! Wallahi tun daga gaisuwa na gane. Kin san me ya yi mana? Na ce masa ina tambaya ne a kan Shahida, ya ce wace ce haka. Na yi masa bayani, ya ce, au, yarinyar nan? Ai ba ta san komai ba, taɓe-taɓen na'ura ne irin na yara, mu ne dai muke lallaɓawa."

Ta ci gaba, "Fom ɗinmu tambaya shida ne, kowace daga ɗaya zuwa biyar. Ƙwarewa, ya ce ɗaya. Riƙon amana, ɗaya. Zuwa aiki a kan lokaci, ya ce ɗayan ma don kada a ce ya yi rowa ne. Ni na san abin da yake yi, kakata haka take. Amma masu kamfanin nan ba ruwansu da kara, lamba suke dubawa, kuma ana naɗar kiran, ba ni da ikon canzawa. Wancan na Zariya ogansa biyar-biyar ya zuba masa. Zan iya sake kira sau ɗaya gobe. Ki je ki yi magana da shi."

Na tarar da Inna Dela tana tankaɗe a tsakar gida, na zube na gaya mata ina hawaye. Ta karkaɗe hannu ta ce in biyo ta. Baffa yana zaure yana gyaran igiyar rediyonsa, fuskarsa fes irin ta mutumin da ya sauke nauyi. Na durƙusa daga bakin ƙofa, Inna ta shiga.

"Malam, an ce an kira ka daga Kano."

"An kira. Yarinya mai ladabi kuwa. Na yi musu bayani yadda ya kamata."

"An ce ɗaya ka bayar."

"To nawa zan bayar? In zauna da furfurata in ce wa baƙi 'yar gidana ta fi ta kowa? Su ce wane irin gida ta fito? Ke da an zo tambayar aurenki, me mahaifinki ya ce? Ba cewa ya yi ko tuwo ba ki iya ba? Na fasa?"

"Malam, wannan ba aure ba ne, kamfani ne."

"Kamfanin ba mutane ne a ciki ba? Duk mai hankali in ya ji ɗaya daga bakin uba ya san inda aka dosa. Sannan ga bakin mutane. A yi ta yayata yarinya a waya, gobe a wayi gari hannunta ya ƙi motsi a kan na'urar, wa za a kama?"

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, shi a ganinsa gata ya yi mini. Na daure na ce, "Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, su lambar kawai suke rubutawa. In ɗaya ce, wani za su ɗauka."

Bai dube ni ba. Inna ya duba ya ce, "Gaya wa yarinyar nan na ji. Su sake kira."

Washegari Saude ta sake kira. Ina ɗaki ina jiyo muryarsa daga zaure, ba na jin kalmomin, sai gyaran murya da yake ta yi kamar an ba shi magani mai ɗaci. Kiran ya daɗe. Da aka gama ya fito ya wuce masallaci ko rediyon bai ɗauka ba. Can sai ga saƙon Saude: "Ya ƙara. Biyu-biyu. Ya ce iyakar abin da zai iya ke nan, kada a ce ya yi son kai."

Na yi dariya, dariyar ta juye kuka. Mutumin nan ya ninka darajata a yini guda, na san kuma abin da hakan ya ci masa, amma biyu ba ta kai mutum Kano.

Saude ta kira ta ce akwai hanya ɗaya. Dokarsu ta yarda a kawo mai shaida na biyu in na farkon dangi ne, amma dole ya zama mai muƙami a ƙungiyar, kuma kafin azahar ɗin Alhamis. Masu muƙami a ƙungiyarmu uku ne: Baffa, da ma'aji wanda kunnensa ya yi nauyi har sai an taɓa shi yake sanin ana magana, da sakatare. Na ce mata sakataren nan ko gawata ya gani sai ya tambayi dalilin da ya sa ta tare hanya. Ta ce to in zaɓa, ko in je wurinsa ko a ɗauki na Zariya.

Ranar Alhamis da safe na ja ƙafa zuwa shagon Malam Maikasuwa na maganin feshi. Yana zaune a kan buhu yana cin gyaɗa. Na gaishe shi, ya amsa wa ma'aunin da ke gefensa. Na haɗiye girman kai na faɗi abin da ya kawo ni, ina jira ya kore ni.

Sai ya daina tauna. "Tsaya. Aikin nan a ina yake?"

"A Kano, Malam."

"Can za ki tare? Ba jeka-ka-dawo ba?"

"Can zan zauna, in Allah ya yarda."

"Kafin rabon bana?"

"Wata mai kamawa suke so a fara."

Ya miƙe tsaye, ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa, ya dube ni da wata irin ƙauna da ban taɓa gani a idon ɗan Adam ba. "Haba 'yata, ai da tun farko ni kika kawo. Mene ne amfaninmu? Ce musu su kira yanzu."

A gabana aka yi kiran, ya sa a amsa-kuwwa don maƙwabta su shaida. Ƙwarewa, biyar. Riƙon amana, ya tambaya ko akwai shida. Ya ce yarinyar nan ko sunan mahaifinta ne ya fito sau biyu sai ta goge ɗaya. Ya ce ba a lallashinta, ba a tsorata ta, in ta ga kuskure ba ta sakinsa ko da wa ya yi shi, shi ganau ne. Ya ce Gwiwa ta yi mata kaɗan, zalunci ne a bar irinta a ƙauye, su yi wa Allah su ɗauke ta da wuri kafin wasu su riga su. Ina tsaye ina jin abin da na shekara ashirin da shida ina son in ji daga wani bakin, kuma abin haushin babu ƙarya ko ɗaya a ciki.

Har bakin titi ya raka ni yana sa mini albarka. Ban gaya masa cewa daga Kano ma ina iya buɗe manhajar takin a wayata ba. Shi ma bai tambaya ba.

Bayan kwana takwas takardar ɗaukata aiki ta zo. Inna Dela ta rangaɗa guɗa. Baffa ya karɓa ya juya ta gaba da baya ya ce, "Ikon Allah. Su dai suka sani." Ranar tafiyata ya fita gona tun da sassafe, ya bar sallahu a ce mini in riƙa yi wa mutane biyayya. Na hau mota ina jin haushinsa har Kazaure, daga Kazaure zuwa Kano kuma ina jin haushin kaina da na sa rai.

Ranar farko a ofis aka ba ni tebur da kwamfuta da wani aiki da ya gagari mutum biyu kafin ni. Na duƙufa. Ban san azahar ta yi ta wuce ba sai da na ji an rufe mini kwamfutar. Saude ce tsaye a kaina da kular abinci.

Na ce, "Bari in ƙarasa wannan, ba na jin yunwa."

"Haka ya ce za ki ce."

"Wa?"

Ta jawo kujera ta zauna. "Ran nan da na sake kiran Baffanki, da muka gama tambayoyin sai ya ce, 'yar nan, kin gama rubutun? Na ce na gama. Ya ce abin naɗar muryar fa, na ce na kashe. Sai ya ce, in ta kama aiki ba ta tashi, ba ta cin abinci, kuma ko za ta faɗi ba za ta ce tana jin yunwa ba. Tun tana ƙarama haka take. A gida akwai mai lura, can ban san kowa ba sai ke. Na ba ki amana." Ta buɗe kular ta turo mini. "Ya ce kuma kada in kuskura in gaya miki. Fom ɗin ba shi da gurbin wannan, shi ya sa ban rubuta ba."

Shinkafa da wake ce, da mai da yaji. Na ɗauki cokali na kai loma ɗaya, na ajiye. Na kifa kaina a kan teburin kamfanin mutane, ranar farko, a gaban kowa, na yi ta kuka. Saude ba ta ce in yi shiru ba, ta dai zauna tana gadin abincin har na ɗago na cinye.