Ƙullun Agusta a Pralouvet

A Pralouvet sau ɗaya ake gasa burodi a shekara, cikin Nuwamba, lokacin da sanyin dutse ya fara cizon kunne. A tanderun gari ake yi, a jera shi a saman ɗaki ya bushe, a yi ta sara ana jiƙawa a miya har shekara ta zagayo. Shekara hamsin da takwas tanderun nan yana hannun Baba Anselme Borel, ko dunƙule ɗaya bai taɓa lalatawa ba. Mutumin da dusar ƙanƙara ta binne gidansu yana saurayi, ya kwana uku a ƙasa daga shi sai saniya, ya fito da ƙafarsa, ai ba ƙullu ne zai ba shi tsoro ba.

Bakinsa ne ya ja masa. Magajiyar gari, Madam Odile, ta same shi a shagon gahawa da Casimir, abokinsa tun suna kiwon awaki.

"Baba Anselme, masu yawon buɗe ido a Agusta suke zuwa, sun gaji da leƙa tanderu ba wuta. Amma an ce mini burodinmu ba ya yiwuwa a lokacin zafi."

"Wa ya ce?"

Casimir ya ɗaga yatsa.

"Wannan, da ko ƙwai bai iya soyawa ba? Yarinya, je ki buga a takardar tallarki cewa zan gasa a Agusta. In na ɓata dunƙule ɗaya, ki karɓi makullin tanderu ki ba shi."

Ta kuwa buga.

Ranar ta zo, mota biyu ta sauke baƙi, kowa da hular rana da na'urar hoto. Baba Anselme ya kwaɓa garin baƙar alkama da tafasasshen ruwa a babban kwamin katako, ya rufe da zane, ya hura wuta. Lissafinsa na kullum ya yi: awa bakwai ƙullu yake ɗauka ya tashi, awa bakwai tanderu yake ɗauka rufinsa ya yi fari, alamar ya isa gashi. Ya manta lissafin Nuwamba ne. Ya zauna yana ba baƙi labarin saniyar nan, har kwana ukun suka zama biyar.

Ba a cika awa uku ba Casimir ya taɓa shi.

"Sarkin tanderu, ƙullunka ma zai fita yawon buɗe ido."

Ya waiga. Zane ya yi tozo, ƙullu ya leƙo bakin kwami yana huci. Ya duba rufin tanderu, baƙi ƙirin. In aka bar shi awa ɗaya zai yi tsami ya zube, makulli ya tafi aljihun Casimir a gaban mutum sittin. 

Sai ya ji ƙarar ruwa. A ƙasan dandali akwai tafkin dutsen da mata suke wanki a da, ruwansa daga ƙanƙarar saman dutse yake gangarowa, ko a Agusta hannu ba ya jure shi.

Ya miƙe a hankali, ya nuna wasu ƙarti huɗu 'yan ƙasar Holan.

"Kai, da kai, da ku biyun nan. Ku ɗauka. Lokaci ya yi."

Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya shige gaba yana taku ɗai-ɗai. Baƙi suka yi tsit suka biyo baya, wasu ma suka cire nasu hulunan. Aka saka kwami cikin ruwa har wuya.

Wata mata mai littafi a hannu ta matso. "Baba, mene ne ma'anar wannan?"

"Wankan ƙullu ke nan, 'yata. Haka kakana ya yi, haka nasa kakan."



"Kakanka da ya mutu bai taɓa ganin ƙullu a Agusta ba," in ji Casimir ƙasa-ƙasa.

"Rufe baki ka danne gefen nan, yana iyo."

Awa huɗu tsofaffin biyu suna danne da kwami, hannuwansu sun yi shuɗi. Ƙullu ya lafa. Da rufin tanderu ya yi fari fat, aka kwashe garwashi, Baba Anselme ya watsa gari a ƙasan tanderu, ya ga ya yi ja bai ƙone ba, ya ce a zuba ƙullu.

Da aka fitar, shi ya fara yanka. Ya shinshina, ya tauna ya daɗe. Babu tsami. Dunƙule sittin, duka lafiya. Ya taɓa makullin a aljihunsa, sannan ya miƙa wa Casimir yanki a bakin wuƙa.

Casimir ya ci, ya yamutsa fuska.

"Gishiri ya yi kaɗan."

Ya miƙa hannu ya ƙara.