Awa Bakwai na Darakta

Shekara biyu Injiniya ta yi tana rubuta rahoto kan famfunan burtsatse. Darakta kuwa minti biyu ya ɗauka wajen goge sunanta ya sa nasa. Da aka gayyaci marubucin rahoton zuwa taro a wani birni na ƙasar waje, shi aka gayyata, ita kuma aka ba ta aikin yankar masa tikiti.

Ya kira ta ofishinsa, ya tsaya gaban taswirar bango da rula a hannu, kamar mai auna yadi.

"Kilomita dubu biyar da wani abu. Awa nawa ke nan a sama?"

"Bakwai, Yallaɓai."

"Madalla. In tashi takwas na safe, in sauka uku, in hau mumbari biyar. Ranar taron zan tafi. Ba na iya barci a gadon otal."

"Sai dai, Yallaɓai, agogonsu..."

"Na sani, na sani. Kin taɓa shiga jirgi ne? Ke da ko a liftar hawa bene kike rufe ido."

Akawu, da ke tsaye da fayil a hammata, ya yi dariyar da ake yi don ƙarin girma.

Injiniya ta dubi taswirar. Birnin yana gabas, agogonsa na gaba da nasu da awa uku. Ukun Darakta shida ce a can. Ta buɗe baki, ta tuna shafin farko na rahotonta, ta mayar ta rufe. Ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba. Ta buga tikitin, lokacin sauka a rubuce ɓaro-ɓaro, ta ajiye masa a tebur. Ya sa hannu bai karanta ba, don a ganinsa karatu aikin na ƙasa ne.

Ranar taron, ƙarfe ɗaya da rabi, wayar ofis ta yi ƙara. Mai shirya taro ce: saura rabin awa, mutum ɗari uku sun zauna, ina baƙonsu?

"Yana sama," in ji Injiniya. "Ya saba."

"Akwai wanda ya san aikin nan a wurinku?"

"Akwai wadda ta rubuta shi."

Ta gyara ɗankwali, ta kunna kyamarar kwamfuta, aka haɗa ta da zauren taron, ta yi magana minti arba'in babu takarda a gabanta. Da wani farfesa ya tambayi dalilin da ya sa sunanta bai fito a bangon rahoton ba, ta ce kuskuren bugu ne. Mai shirya taro ta nemi ta faɗi sunan harafi-harafi, don littafin taron.

Tana haɗa jakarta za ta tashi, Darakta ya bugo. A bayansa ana jin ƙarar kujeru, masu shara na jera su.

"Ke! Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Sannu da hanya, Yallaɓai," ta ce. "Na dawowar fa, a yanka maka na safe ko na yamma?"