Ninfa Ta Shiga Silima

Tun girgizar ƙasar da ta rushe garinsu, Ninfa ba ta sake shiga ƙarƙashin rufin siminti ba. Shekara bakwai ke nan. In ta je coci, a bakin ƙofa take tsayawa. In ta kai jika asibiti, a gindin bishiya take jira. Uwarta rufi ya danne, ita kuwa ba ta taɓa ba kowa labarin ba, har mijinta Baldassare.

Suna zaune a ɗakin katako da kwano, cikin layukan da aka kafa wa mutane na ɗan lokaci, lokacin kuma ya ƙi ƙarewa. Da bazara kwano ya gasa su, da hunturu ya yi musu yoyo. A nan ƙirjin Baldassare ya lalace. To a bana gwamnati ta gama gidajen sabon gari, nasu ya fito, bene ne, siminti sama da ƙasa. Ninfa ta ce ba da ita ba. Masu rabon gidaje suka aiko cewa wanda bai tare ba kafin ƙarshen wata, na bayansa za a ba.

Baldassare ba mai roƙo ba ne. Ya yi magana sau ɗaya, ta ce a'a, ya ɗauki hularsa ya tafi gonar zaitun. Amma ya san likita ya ce ƙirjinsa ba zai ɗauki wani hunturun a cikin katako ba, ita ma ta sani.

Ranar Lahadi Liborio ya zo cin abinci. Ƙanen Ninfa ne, magini, yana aiki a Jamus tun kafin girgizar, hutu ya zo. Aka fito da tebur ƙarƙashin rumfar inabi, maƙwabcinsu Nardo ya jawo kujerarsa ba a gayyace shi ba, kamar kullum. Taliya da kifi ce. Liborio ya ci faranti biyu, ya kwance maɓallin wando, ya fara zancen fim.

"Yaya, wannan fim ba a taɓa yin irinsa ba. Duk wani babban ɗan wasan Amurka yana ciki. Birni guda ya rushe a gabanka! Ga wasu lasifikoki da suka kawo, kowace ta kai firiji, in suka yi ruri har haƙoranka sai sun kaɗa."

"Na gani a silimar garin Castelvetrano," in ji Nardo. "Shirme ne. Rabin fim ana ta tantance wa ke son matar wa. Na yi barci, ruri ya tashe ni."

"Kai ai ko a jana'izar ubanka ka yi barci."

"Fadan coci ma ya ce kada a je."

"Fada ya je sau biyu, don ya tabbatar."

Aka yi dariya, ban da Ninfa da ke kwashe farantai. Liborio ya cika kofinsa da ruwan inabi, ya yi ajiyar zuciya.

"Wallahi sai da na gan shi na san abin da kuka gani. Yanzu kamar da ni aka yi."

Nardo ya sunkuyar da kai. Baldassare ya ajiye burodin da ke hannunsa. Ninfa ta dawo ta tsaya a kan ƙanenta.

"Da kai aka yi?"

"Ai kwatance ne, Yaya."

"Karnuka sun yi kuka a ciki?"

"Karnuka? Ban lura ba."

"Mutane sun fito ba takalmi?"

"Wa ke kallon ƙafa alhali bene yana faɗuwa?"

"To ƙarya ce suka sayar maka, ɗan Jamus."

Ruwan inabi ya riga ya hau wa Liborio kai. Ya buga tebur.

"Ta yaya za ki kushe abin da ba ki gani ba? Ki je ki gani mana! Af, na manta. Silima rufi gare ta."

Baldassare ya miƙe zai kama wuyan rigarsa, sai ya ga matarsa tana kwance ɗaurin rigar girki. Ta ninke ta, ta ɗora a kan kujera.

"Tsoho, yaushe motar Castelvetrano take wucewa?"

Su uku suka hau motar rana, ita da mijinta da ƙanenta. Liborio ya fara nadama tun kafin su wuce gada, ya ce wasa yake yi, a sauka a koma. Ba ta ko dube shi ba.

A ƙofar silima ta tsaya. Ginin tsoho ne, mai baranda a ciki, rufinsa can sama da fitila mai reshe-reshe. Mutane suna ta wuce su, yawancinsu 'yan yankin da girgizar ta rushe ne, an san fuskokin juna. Baldassare ya matso kusa da ita.

"Ba wanda ya aike ki," ya ce. "Mu sha kofi mu koma."

"Ka sayi tikiti?"

"Na saya."

"To ba za a yi asararsa ba."

Ta yi alamar gicciye, ta kama hannun rigarsa, ta tsallaka dokin ƙofa kamar mai tsallaka rami. Kujerar gefe ta zaɓa, dab da hanyar fita. Da aka kashe fitilu, yatsunta suka nutse a damtsensa.

Aka daɗe ana nuna attajirai suna rigima a gidaje masu tafkin wanka. Ninfa ba allon take kallo ba, rufi take kallo. Can wata mata ta fito cikin rigar barci tana yi wa mijinta ihu, sai Ninfa ta sauko da ido.

"Wannan ba ta da aikin yi ne?"

"Sai shiru, Yaya," in ji Liborio. "Yanzu za a fara."

Aka fara. Rurin ya taso daga bango, mai kauri, ya shiga ƙirji ya zauna. Kujeru suka ɗauki rawa. Ƙura ta zubo daga baranda cikin hasken majigi. Wata mata a gaba ta kira sunan Maryamu da ƙarfi, maza biyu suka ruga waje. Baldassare ya juya zai ɗaga matarsa su fita, ya ga ta sunkuya tana kwance takalmi.

Ta cire su duka biyu, ta shimfiɗa tafin ƙafarta a kan daɓe. Haka matan layinsu suke yi in wata babbar mota ta wuce, su saurari ƙasa da ƙafa. Ta rufe ido. A allo benaye suna zubewa, gilashi yana ruwa a kan mutane. Ita tana nan, ƙafa a ƙasa.

Sai ta buɗe ido.

"Ƙasa ba ta motsa ba."

"Me?"

"Na ce ba ta motsa ba. Daga gefe yake zuwa. Daga akwatunan can." Ta saki damtsensa. "Ihu ne kawai, tsoho. Ba komai a ƙasa."

Ta gyara zama, ta harɗe hannuwa, ta fara kallon fim a karo na farko. Jarumin ya fito daga cikin ɓaraguzai ɗauke da wata yarinya.

"Ku dubi rigarsa!" Muryarta ta cika silima. "Bene ya faɗo masa, riga fara tas! Uban wa ya goge masa?"

Wani ya fashe da dariya a baya.

"Ita kuma janbakinta bai goge ba! Ni sai da na yi mako ina kakin farar ƙasa."

"Faɗa musu, Uwargida Ninfa!" wani ya ɗaga murya daga baranda.

"Kai wawa, kada ka tsaya a matakala! Ku gan shi, a matakala ya tsaya!"

Wani mai kwat a gaba ya waiwayo ya ce a yi wa Allah a bar mutane su ji. Wata tsohuwa kusa da shi ta ce ya ji me, ai rurin ya toshe kunnen kowa. Daga nan bakin kowa ya buɗe. Wannan ya ce ina aka taɓa ganin motar agaji ta iso a ranar, su sai da suka gaji da jira. Wancan ya ce a nuna masa mutum ɗaya da ya fito da wando. Aka yi ta ihu ana gyara wa Amurkawa girgizarsu. Mazan da suka gudu suka dawo suka zauna, kunya ta ishe su. Liborio ya nutse a kujera.

Da girgizar fim ta lafa, aka sa kiɗa mai ban tausayi. Ninfa ta daina dariya.

"Ba kiɗa," ta ce, wannan karon a hankali, ga mijinta kaɗai. "Shiru ne. Dusar ƙanƙara tana sauka, ba ka jin komai. Sai Inna tana kirana daga ƙasa, tana cewa in rufe akuya kada sanyi ya kama ta. Na ce to. Na yi ta cewa to ina tono, har ta daina."

Baldassare ya cire hularsa ya riƙe a cinya. Bai dube ta ba, don ya san in ya duba za ta tsaya. Ta ci gaba, ta faɗi duka, allo yana ta nasa. Da ta gama ta share hanci da bayan hannu, ta ce, "Wancan mai gashin bakin mutuwa zai yi, ka gani." Ya kuwa mutu.

Sai da aka kunna fitilu, kowa ya fita, sannan ta sa takalmanta. Ta ɗaga kai ta ƙare wa rufin kallo, lungu da lungu, ba gaggawa.

A waje rana ba ta faɗi ba tukuna. Mutane suka kewaye ta, wani ya miƙo mata ƙanƙarar lemo. Liborio ya matso yana sosa ƙeya.

"Amma dai, Yaya, inda benen nan ya tsage biyu, ai sun yi ƙoƙari."

"Sun yi ƙoƙari a kwali."

"Ba ko abu ɗaya na gaskiya?"

Ta yi tunani, don ita ba ta zalunci.

"Akwai. Wata tsohuwa can baya, ba ta ce komai ba, tana gudu riƙe da murfin tukunya. Murfi kawai, ba tukunya. Wannan ta taɓa gani. Ita ya kamata a sa hotonta a ƙofa, ba wancan mai haɓa kamar bulo ba."

A hanyar komawa, da motar ta zo mararrabar sabon gari, Ninfa ta ƙwanƙwasa gilashi ta ce wa direba ya tsaya. Baldassare ya bi ta. Liborio zai sauko, ta ce ya wuce gida, akwai farantan da ya ɓata suna jiransa.

Titunan sabon gari faɗi gare su, ba bishiya ko ɗaya. Baldassare ya nuna gidan, ya buɗe. Bai shiga ba. Ita ta shiga. Ya tsaya a waje yana jin takunta a ɗakin ƙasa, sannan a matakala, sannan a sama. Taga ta buɗe a kan kansa.

"Wanda ya gina ɗakin girkin nan bai taɓa soya kifi ba. Hayaƙi ta ina zai fita?"

"Sai a fasa bango."

"Liborio zai fasa, tunda da shi aka yi. Kuma ba zan kwana ta wajen titi ba, ɗakin baya nake so. Me kake yi a nan tsaye kamar an dasa ka? Je ka gaya wa Nardo ya kawo motar kayansa gobe da safe. Gado za a fara ɗorawa."

Baldassare ya mayar da hularsa. Tari ya taso masa, ya danne shi, ya kama hanyar layin katako da sauri irin wanda ya daɗe bai yi ba.