Littafin Shanun Sajo

Shekara biyu na yi ina zarya zuwa rugar Sajo kafin ya yarda ya ba ni ɗiyarsa Lubabatu in sa ta lakwal, wato makarantar boko. Ni ne daraktan makarantar ƙauyenmu, can ciki tsakanin Illela da Badaguishiri, kuma tun da aka kafa ta ba a taɓa rubuta sunan ɗan Fulani ko ɗaya a cikinta ba. Na sha nonon rugar nan har kunya ta fara kama ni. Ran da ya yarda bai ja zance ba. Ya kira ni yadda ake kiran malaman boko a nan, da bakin Faransanci. Ya ce, "Mushe Habibou, ba lakwal nib ba ita ba. Kai nib ba."

Yarinyar ta zo ta zauna a ƙarshen tabarma, shekara guda cur ba wanda ya ji muryarta sai wajen amsa suna. Yaran gari suna tsokanarta wai tana warin man shanu. Kullum ina fargabar ranar da zan duba in ga gurbinta wayam.

A shekara ta biyu aka turo mana Madam Sahiya, na ba ta ajinsu. Ƴar soja ce, a barikin Yamai ta tashi, ba ta san saniya ba sai a cikin miya. Amma Allah ya ba ta hannun zane. An ce mu fara koya wa yara karatu da Hausa, littafi kuwa ko ɗaya ba a aiko ba, sai takardar umarni mai hatimi har uku. Sahiya ba ta zauna jira ba. Takan roƙi magina buhunan simintin Malbaza da suka zazzage, ta ɓare takardar tsakiya mai tsabta, ta yanka, ta ɗinke da zaren kitso, ta zana hoto a kowane shafi, ta rubuta ƴar waƙa a ƙarƙashinsa. Ta yi littafin jaki, ta yi na albasa, ta yi na guga da rijiya. Yara suna kokawa a kansu kamar an ajiye ƙosai.

Ita ce ta buɗe bakin Lubabatu. Wata safiya ta zana saniya a allo, yarinyar ta tuntsire da dariya ta ce ƙahon a juye yake. Sahiya ta ce to ta gaya mata yadda nasu suke. Shi ke nan magana ta ɓalle. Akwai Wule mai farin goshi, akwai Saye, akwai Ɓaleye wadda ba ta tashi sai an daka mata tsawa, wannan uwar waccan ce, waccan kuma ba ta yarda kowa ya tatse ta sai inna. Yarinyar ba lissafi take yi ba, labarin ƴan gidansu take bayarwa. Sahiya ce ke lanƙwasa yatsu tana rubutawa.

Bayan sati biyu ta kawo mini littafin ƙidaya mai shafi ashirin da uku, saniya guda a kowane shafi, da sunanta da lambarta. Ga yadda ya fara:

Ɗaya, Wule mai farin goshi,
Biyu, Saye mai yawan ƙoshi,
Uku, Ɓaleye ba ta son tashi,
Shanun Sajo sun sauko rafi.

Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa a makarantarmu ba, amma ina buɗe shi na san an taɓo abin da ba a taɓawa. A nan aka haife ni, gonarmu tana maƙwabtaka da ruga. Na san Bafulatani ba ya ƙirga shanunsa, balle ya faɗi adadinsu a gaban mutane. Da yamma yakan tsaya ne ya dube su, ya san wadda ba ta dawo ba. Ko matarsa ba ta tambayarsa nawa ne. A wurinsu ƙirga garke jawo masa baki ne, kuma tona asirin mai shi ne. Duk wannan na sani sarai.

Na buɗe baki zan gaya mata, sai na tuna anspekta zai zo ran Laraba. Shekara goma sha ɗaya ina darakta, abin da ya taɓa shiga tsakanina da ofishinsu shi ne faɗa a kan rajista. Na ce a raina littafi guda ne, a cikin aji zai tsaya, Sajo kuma ba ya zuwa lakwal. Na ce mata ya yi kyau.

Anspekta ya gani ya yaba, ya kira sunana sau biyu a gaban malamai. Ya tafi da littafin zuwa Illela, aka yi masa fotokopi, aka raba wa makarantun yankin. Waƙar kuwa mai daɗin baki ce. Kafin a gama shigar da hatsi rumbu, ƴan mata suna tsallen igiya da ita a bakin rijiya. Lubabatu ta zama ƴar gaban aji, har ta fara gyara wa masu tsokanarta karatu. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Da rani ciwon huhu ya shiga shanun yankin. Ba na Sajo kaɗai ya taɓa ba, likitan dabbobi ya ce da wani garke ya shigo daga kudu. Amma na Sajo ne kowa ya san sunayensu. Yaran gari, waɗanda ba su da ta ido, suka riƙa bin mutuwar da waƙa. Da kunnena na ji wani yana cewa, "Wule ta mutu, a hwara daga biyu." Na zane shi, amma me dukan ya gyara?

Ran wata Alhamis da hantsi Sajo ya shigo makaranta, sandarsa a kafaɗa. Ya rame ƙwarai. Na shimfiɗa masa tabarma a gindin itacen bedin da ke ƙofar ajin Sahiya, ita ma ta fito ta durƙusa ta gaishe shi. Ya sa hannu a aljihu ya fito da kwafin littafin, duk ya yamutse.

"Na kai ɗan maraƙi kasuwar Badaguishiri," in ji shi. "Sai nij ji ɗiyan mutane da ban taɓa gani ba suna kiran shanuna da sunansu, guda bayan guda, suna lissahi, suna tsalle. Har waɗanda munka bizne."

Sahiya ta kalle ni, ta kalle shi. Sai a lokacin ta fahimci abin da ta yi. Ta ce, "Baba, ka gafarce ni, wallahi ban san ba a yi ba. Za mu karɓo su duka mu ƙone."

"Takarda tana ƙonuwa, ɗiyata. Bakin yara hwa?"

Na sa baki na ce likita ya ce cuta ce ta shigo daga kudu. Ya ɗaga mini hannu.

"Na san ciwon huhu tun ba a haihe ka ba. Mutuwa ta Allah ta, ba ita nit taho tambaya ba. Madam baƙuwa ta, ba ta da laihi. Yarinya kuma yarinya ta. Kai ɗan ƙasag ga na, kuma kai nib ba amana. In ba ka ga abin ga ba kahin shi hita, hwaɗa mani in koma gida, yarinya ta ci gaba da karatunta."

Na ce, "Ban gani ba, Baffa. Sai bayan ya hita."

Har yau ina gaya wa kaina don yarinyar na yi ƙaryar. Sahiya ta sunkuyar da kai. Sajo ya gyaɗa kai, ya fara naɗe littafin zai mayar aljihu, sai idonsa ya tsaya a bangon baya. Ya ɗora yatsa a kan zagayen hatimi da layi biyu na rubutu a gefensa.

"Wanga hwa, mi yac ce?"

Na miƙa hannu zan karɓa, ya janye.

"A'a. Shekara biyu tana zuwa nan. A kira ta ta karanta mani."

Ba wanda ya sa ni yin rubutun nan. Safiyar da anspekta zai zo na zauna na yi shi da manyan baƙaƙe, na buga hatimin makaranta, don kada ya yaba wa Sahiya ita kaɗai.

Lubabatu ta fito da ɗan allonta a hannu. Mahaifinta bai taɓa cewa ta karanta masa komai ba, murna ta cika mata fuska. Ta riƙe littafin da hannu biyu kamar yadda aka koya mata, ta ɗaga murya don ya ji sosai.

"Na duba wannan littafi daga farko har ƙarshe, na amince a koyar da shi. Habibou Inuwa, darakta."

Ta ɗago tana murmushi, tana jiran a yaba mata. Sajo bai dube ni ba. Ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa.

"Madalla, kin iya," in ji shi. "Aje masu allonsu, mu tahi."

Ta ajiye allon a kan tabarma ta bi shi, tana waiwayen Sahiya don ba ta gane abin da ya faru ba. Karatun da ta yi mana na ƙarshe ke nan, kuma ko tuntuɓe ɗaya ba ta yi a cikinsa ba.