Ruwan Ta'aziyya

Ƙasar gonar Awaisu ta tsattsage kamar diddigen tsohuwa, shinkafar kuwa tana tsaye kore shar. Duk wanda ya bi ta fadamar nan ta gabas da Malumfashi sai ya girgiza kai.

Da gangan yake yi. Ya binne guntun bututu mai huji-huji a tsakiyar gonar, ba ya buɗe magudana sai ruwan cikinsa ya sauka taƙi guda. Wani malamin gona ne ya koya masa, bara kuma ya gani da idonsa: saiwa ta nutsa, tsaba ta yi nauyi, ba ta kakkarye a injin casa ba. Manoma suka ce sa'a ce kawai.

"Shinkafa ba gero ba ce," in ji Alhaji Kabiru, mai rabon ruwa.

Abin da Awaisu bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne inda ruwan da yake bari yake tafiya. Bana ruwan madatsa ya ja baya ƙwarai, gonar Hajjo kuma, matar amininsa marigayi, ita ce ta ƙarshe a magudanar. Ragowarsa kaɗai ke isa gare ta. Ga shi shinkafarta ta yi ciki, lokacin da ƙishirwa kaɗan ke mayar da zangarniya ƙaiƙayi. Kunya ce ta rufe masa baki, don alherin da aka yi wa shela ya zama talla.

Ana cikin haka mahaifinsa ya rasu. Awaisu ya zauna a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, gona ba ta ko faɗo masa a rai ba.

Ranar sadakar uku Alhaji Kabiru ya zo da manoma, suka cika tabarma.

"Awaisu, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Alhaji."

"Kada gona ta dame ka. Tun ranar jana'iza muka tare magudana, muka juya maka ruwan duka. Tana nan fal."

Awaisu ya tuna da gonar Hajjo. Ya dubi fuskokinsu, babu komai a kansu sai tausayi.

"Allah ya saka da alheri," ya ce. Suka amsa da amin.

Ana idar da la'asar ya hau babur. Gonarsa na ƙyalli kamar tafki. Ya sa ƙafa ya rushe ƙasar da aka tare magudanar da ita, ya bi ruwan a guje har ya wuce shi.

Ya tarar da Hajjo tsugune a bakin gonarta tana murza zangarniya a tafin hannu. Kawunan shinkafar duk sun yi fari fat. Abincin marayunta na shekara ke nan.

Ta miƙe ta gyara mayafi. "Sannu da rashi, Malam Awaisu. Allah ya jiƙan Baba."

"Amin. Hajjo, me ya sa ba ki hana su ba?"

"In hana su? Ai ni na je na roƙi Alhaji. Na ga taka ta fi tawa bushewa, na ce bawan Allahn nan yana cikin rashi, kada ya tashi ya tarar da wani."

Hajjo ta karkaɗe ƙaiƙayin daga hannunta.

"Taka dai ta farfaɗo ko?"

"Ta farfaɗo," ya ce.